Tankin tawada na CISS a firintar gida: inda ribar take da inda take zurarewa

Kamfanonin firinta sun daɗe da gano cewa riba ba a jikin na'urar take ba, a tawada take. Shi ya sa ake sayar da ƙaramar firintar gida da araha, a bar mai ita da sayen katirij, wato ɗan mazubin tawadar, har ranar da za ta daina aiki. Baƙin katirij na Canon PG-545 mililita 8 ke cikinsa, kuma kamfanin da kansa ya ce shafi wajen 180 zai buga. Na HP 305 bai ma kai nan ba, wajen shafi 120 ne. Mai buga takardun makaranta, rasit da hotuna, kafin ya ankara ya canza katirij sau uku ko huɗu, kuɗin da ya kashe ya kamo na firintar ko ya zarce shi.

Wannan ciwon ne CISS, wato tsarin ba firinta tawada ba yankewa, ya zo magancewa. Tankuna ne na roba, yawanci huɗu a jere, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, ko shida a firintocin hoto. Kowanne yana ɗaukar mililita 80 zuwa 100. Ana ajiye su a gefen firinta, siraran bututai da aka manne wuri guda kamar ɗamara su fito daga ƙasansu su shiga katirij. Duk ɗigon da firinta ta fesa, wani ɗigon ya biyo bututu ya maye gurbinsa. A cikin kwalin za ka tarar da tankunan, bututan, katirij na musamman ko kayan huda naka na asali, sirinji, ƙananan filtocin iska, da maƙalai masu gam na riƙe bututu. Wani lokaci da tawada a ciki, wani lokaci babu.

Lissafin da ke jan mutane mai sauƙi ne. Idan mililita 8 na ba da shafi 180, kowace mililita na ba da wajen 22. Kwalbar mililita 100 ta zama katirij goma sha biyu da rabi ke nan, wato shafi kusan 2,250, kuma kuɗinta sau da yawa bai kai na katirij ɗaya na asali ba. Mai buga shafi 300 a wata yana cin baƙin katirij 20 a shekara, alhali tawadar da ya sha duka-duka mililita 160 ce, ko kwalba biyu ba ta cika ba. Ga irin wannan mutum babu gardama, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu cikin 'yan watanni.

To amma a juya lissafin. Mai buga shafi 20 a wata, a shekara 240 ne, mililita 11 kacal. Kwalba ɗaya za ta kai shi shekara tara, tawada kuwa wa'adinta yawanci shekara biyu ne ko uku. Kafin ya wuce kashi ɗaya cikin uku ta lalace, kuma tun kafin nan kan firintar, wato sashen da ke fesa tawada, ya toshe saboda zama. Wannan shi ne abin da masu sayar da CISS ba sa faɗa: na'urar mai yawan bugu ce. A hannun wanda ke kunna firinta sau ɗaya a wata, asara ce mai ƙazanta.

A kuma riƙa rage wani abu daga waɗancan alƙaluman na kamfani. Ana auna su ne da ƙa'idar ISO/IEC 24711, inda ake buga wasu shafuka biyar na gwaji a jere ba tsayawa har tawada ta ƙare. A gida ba haka ake bugu ba. Kowace kunnawa bayan dogon zama tana zuwa da ɗan wankin kai, wato firinta ta wanke kan feshinta, da ke zubar da tawada, kuma hoto mai cika takarda yana shan ninkin abin da shafin rubutu ke sha sau da yawa.

Ba kowace firinta ke karɓarsa da daɗi ba

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne irin kan da ke fesa tawadar. Iri biyu ne. Epson da Brother suna amfani da kan fiyezo: wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ke lanƙwashewa idan wuta ta shige shi, ya tunkuɗo ɗigon tawada ba tare da zafi ba. Irin wannan kai a jikin firinta yake zaune, an ƙera shi ya rayu tsawon rayuwarta, katirij ɗin kuwa mazubi ne kawai. A nan CISS ya fi zama daram, domin katirij ɗinsa yana shiga gurbin na asali ba huda ba yanka.

Canon da HP kuwa zafi suke amfani da shi. A bayan kowace ƙofar feshi akwai ɗan abin ɗumama da ke kai tawada wajen digiri 300 cikin ƙiftawar ido, kumfa ya taso ya harbo ɗigon. Tawadar da ke biyo baya ita ke sanyaya shi. Idan tawada ta yanke ana cikin bugu, ko da na shafi kaɗan ne, abin ɗumamar sai ya ƙone, kuma ƙonannen kai babu wankin da ke ta da shi. A ƙananan samfuran waɗannan kamfanoni kan yana manne ne a gindin katirij, an yi shi don ya sha cika ɗaya a jefar. CISS yana tilasta masa aikin da ba a gina shi dominsa ba. Yana iya jurewa watanni, yana iya wuce shekara, amma dole a sa kuɗin sabon katirij lokaci-lokaci a cikin lissafi.

Sai maganar fili. Bututu na bukatar sararin da zai lanƙwashe ya miƙe yayin da keken da ke ɗauke da katirij ke kai-komo. Firinta mai sikana a sama sau da yawa rufinta ya yi ƙasa, sai an ɗan ɗaga shi da wani abu, a kuma danne ɗan makunnin da ke gaya wa firinta an rufe murfi. Yana aiki, amma ƙura na shiga, kuma ba shi da kyan gani.

Tsayin tanki: nan mafi yawan mutane ke faɗuwa

Kan firinta yana son tawada ta zo masa da ɗan ja da baya. Idan matsin ya yi yawa sai ta riƙa ɗiga da kanta daga ƙofofin feshi; idan ya yi kaɗan sai kan ya kasa jawo ta, ya shaƙi iska. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun 'yan santimita ne na tsayi.

Tanki mai kyau ɗaki biyu gare shi ga kowane launi: babban ɗakin tawada da ƙaramin ɗakin iska, sun haɗu ta ƙasa. Dabarar ta masanin Faransa Edme Mariotte ce, na ƙarni na 17, kuma ita ce dai ke aiki a mazubin ruwan kaji, inda ruwan faranti ke tsayawa wuri ɗaya ko tulun sama a cike yake ko ya kusa ƙarewa. Babban ɗakin a rufe yake ruf, iska ba ta shigarsa sai ta ƙarƙashi, kumfa-kumfa, daidai gwargwadon tawadar da ta fita. Saboda haka matsin da kan firinta ke ji ya dogara ne ga ɗan layin tawadar da ke gindin ƙaramin ɗaki, ba ga yawan abin da ke babba ba. Tankuna masu arha da ɗaki ɗaya ba su da wannan: a cike suna ambaliya, in sun yi ƙasa bugu ya dusashe. Kada a saye su.

Daga nan dokoki biyu suka fito. Ta farko, tanki ya zauna kan tebur ɗaya da firinta, gindi da gindi. Kada a ɗora shi kan firintar ko kan littafi wai don tawada ta fi gudu. Ɗaga shi na minti kaɗan ya isa ya cika wurin ajiye kai da tawada, launuka su gauraye, a wayi gari rawaya ta koma kore. Ta biyu, lokacin aiki babban matoshi a rufe, ƙarami a buɗe da filta a bakinsa. Lokacin ƙara tawada a juya: a matse bututu da maƙali, a toshe ƙarami, a buɗe babba a zuba, a rufe babba da kyau, sannan a buɗe ƙarami a saki bututu. Wanda ya buɗe duka biyun lokaci guda zai ga tawada ta haura ƙaramin ɗaki har ta yi daidai da babba, kuma daidaiton matsi ya tafi. Gyaransa ba wuya: a toshe duka, a karkata tankin ta yadda tawadar za ta gangara ta koma babban ɗaki, a tsayar da shi, ya zama abin da ya rage a ƙaramin bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba.

Rana ma tana da hannu a ciki. Iskar da ke kulle a saman babban ɗaki tana kumbura da zafi, ta tura tawada zuwa ƙaramin ɗaki da bututu. Tankin da ke bakin taga yakan yi ɗigo da rana ya daina da dare, mai shi ya rasa dalili.

Yadda ake ɗaurawa

Kafin a taɓa komai, a buga shafin gwajin ƙofofin feshi, wanda a manhajar firinta aka rubuta Nozzle Check, da katirij na asali. Idan akwai giɓi a layukan, a gyara tukuna. Wanda ya ɗaura CISS kan toshasshen kai ba zai taɓa sanin ko laifin kan ne ko na sabon kayan ba. A ajiye wannan takarda don kwatance.

A shimfiɗa tsohuwar jarida, a sa safar hannu. A cika tankuna kashi huɗu cikin biyar, ana duba harafin kowane tanki da na kwalba sau biyu: BK baƙi, C shuɗi, M ja, Y rawaya. Sai cire iska. A sa bakin sirinji na mililita 10 ko 20 a mafitar katirij a ja a hankali har tawada ta bi bututu ta cika katirij ta fara shiga sirinjin babu kumfa. Kowane launi da sirinjinsa, ko a wanke shi tas tsakanin launi da launi. Gaggawa a nan ita ke haifar da kumfa ƙanana waɗanda za su yi kwanaki suna damun bugu.

A buɗe murfin firinta tana kunne, keken ya zo wurin canza katirij, sai a zare wayar wuta daga bango. Yanzu keken zai motsa da hannu. A sa katirij ɗin har a ji ƙarar kamawarsu. A manna maƙalin bututu wajen tsakiyar hanyar keken, sannan a tura keken da hannu zuwa ƙarshen dama, a dawo da shi ƙarshen hagu, sau da yawa. A kowane ƙarshe bututun ya kai ba tare da ya ɗaure ba, a tsakiya kuma kada ya yi lanƙwasar da za ta taɓa takarda ko ta maƙale a wani lungu. Santimita ɗaya na ƙari ko ragi yana raba aiki lafiya da keken da ke tsayawa cak yana ƙara.

A bayan keken akwai wani siririn zirin leda mai haske da ya ratsa firintar daga gefe zuwa gefe. In ka kalle shi kusa za ka ga layuka baƙaƙe sirara ƙwarai a jikinsa. Da shi firinta ke sanin inda keken yake. Ɗigon tawada ɗaya ko shafar yatsa mai maiƙo a kansa ya isa ya sa rubutu ya fito biyu-biyu, ko keken ya ruga ya daki bango. Idan hakan ta faru bayan ɗaura CISS, a goge zirin da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa kafin a zargi wani abu.

Masu katirij mai kai a gindi aikinsu ya fi yawa. Ana ɓare takardar saman katirij, a faɗaɗa ramin iska da abin hudar da ya zo cikin kwali, a cusa zoben roba, a sa 'yar gwiwar da bututu zai shiga. Hudar kada ta yi zurfi ta yaga soson ciki, kuma ɓarɓashin roba kada ya faɗa ciki. Katirij mai launi uku ɗaki uku ne, kuma jerinsu ba lallai ya bi zanen da ke kan takardar ba, don haka a tsoma tsinken sakace a kowane rami a ga launin da ya fito. Sauran ramukan iska duka a toshe su da gam mai zafi. Ko ƙofa kamar ta allura aka bari, iska za ta shiga ta nan, tawada ta koma tanki cikin dare, da safe a tarar da bututu fayau. A Canon, idan firinta ta ce tawada ta ƙare, danne maɓallin Stop na sama da daƙiƙa biyar yana kashe ƙidayar, ta ci gaba da bugu. Daga ranar kuwa idonka ne ma'auni.

Bayan an gama, a yi wankin kai sau ɗaya, a buga gwaji. In bai cika ba, a bar firintar ta huta wasu sa'o'i kumfa su taso sama. Haƙuri a nan ya fi wanki amfani.

Tawadar ita ce rabin maganar

Kayan roba ba su cika bambanta sosai ba. Abin da ke kashe kai ko ya raya shi ruwan da aka zuba ne. Wadda aka rubuta wa Dye a kwalba narkakken rini ce: launinta na haske a takardar hoto, ba ta cika toshe kai ba, ita ce mafi arha, amma ruwa na wanke ta kuma hasken rana na kodar da ita. Hoton da aka rataye ba gilashi zai iya sauya launi cikin watanni idan tawadar ta banza ce. Wadda aka rubuta wa Pigment ƙwayoyin launi ne ƙanana da ke yawo cikin ruwa: rubutunta ya fi kaifi a takarda ta yau da kullum, tana jure ruwa da rana, amma tana kwantawa a gindin tanki idan ta daɗe, kuma in ta bushe a kai cire ta aiki ne. Mai amfani da ita ya riƙa matse bututu, ya toshe tanki, ya ɗan girgiza shi lokaci-lokaci. Akwai ta uku, ta buga riguna da kofuna da zafi, wadda kan fiyezo kawai ke ɗauka. A takarda launinta a dushe yake fita, ba ta aikin gida ba ce.

Ƙa'idar ita ce a bi abin da firintar ta zo da shi. Firintoci da yawa baƙinsu na ƙwayoyi ne, launukansu na rini. Kada a haɗa iri biyu a tanki ɗaya, kada ma a haɗa na kamfani biyu ko da iri ɗaya ne, domin sinadaransu na iya karo su yi gudaji a cikin kai. In za a canza, a zubar da tsohuwar, a wanke tanki da bututu. Kwalbar da aka rubuta tana yi wa kowace firinta kuwa a yi hattara da ita. Kaurin da kan fiyezo ke so daban, wanda kan zafi ke so daban, kuma abin da aka ce ya dace da kowa bai dace da kowa sosai ba.

Masu buga hoto su sani launi zai ɗan kauce, domin manhajar firinta an daidaita ta ne da tawadar kamfani. Fuska na iya yin ja-ja, toka ta yi kore-kore. Masu sayar da tawadar kirki suna ba da fayil ɗin daidaita launi na ICC ga kowace firinta da takarda. In babu, sai a gyara da hannu a saitin launi.

Gane ciwo daga shafin gwaji

Shafin gwaji yana faɗin gaskiya ga wanda ya iya karanta shi. Idan giɓin yana wuri ɗaya a kowane gwaji, toshewa ce. Idan yana yawo, yau nan gobe can, iska ce. Idan launi ya fara da kyau ya ɓace gaba ɗaya bayan shafi biyu ko uku, tawada ce ba ta isowa: ko an manta ƙaramin matoshi a rufe, ko filta ta jiƙe da tawada ta daina shaƙa, ko murfi ya danne bututu. Idan kuwa ɗigo-ɗigo ne manya a takarda, tanki ya yi sama ko ƙaramin ɗaki ya cika.

Ɗan giɓin iska na santimita ɗaya ko biyu a bututu ba abin damuwa ba ne, katirij zai haɗiye shi. Wanda ke ƙaruwa kullum shi ne alamar ɓula a wata mahaɗa.

Kada a yi wankin kai fiye da sau uku a jere. Kowane wanki famfo ne ke zuƙo tawada da ƙarfi, kuma in matsalar iska ce, yawan zuƙa ƙara kumfa yake yi. Bayan na uku a bar ta ta kwana. Toshewar da ta ƙi, a jiƙa ƙyallen takarda da ruwan wankin kai, a shimfiɗa a hanyar keken, a turo kan ya zauna a kansa na wasu sa'o'i. Ban da ruwan famfo, gishirin cikinsa na ƙara toshewa. Ban da tura ruwa da ƙarfin sirinji cikin kan fiyezo, yadudduka ne sirara aka manne, suna rabuwa. Kuma ruwa kada ya taɓa faffaɗar wayar da ke shiga kai. In ya taɓa aka kunna wuta, kan da babban allon lantarki na iya tafiya tare.

Rigakafin duk wannan shafi ɗaya ne mai launuka duka a kowane mako, da kashe firinta ta maɓallinta. Maɓallin ne ke mayar da kai kan wata 'yar roba da ke rufe ƙofofin feshi kada su bushe. Wanda ke zare waya kai tsaye yana iya barin kan a buɗe.

Cip, manhaja da soson shara

Katirij na CISS yana zuwa da cip, wato ɗan allon lantarki da firinta ke ƙidaya tawada da shi, mai mayar da ƙidaya da kansa. Idan firinta ta ce launi ya ƙare, a ciro katirij a mayar, ko a danna ɗan maɓallin da ke kansa, ta sake ganinsa a cike. Matsalar ita ce kamfani na iya rufe wannan ƙofa ta sabunta manhajar cikin firinta. A watan Satumban 2016 wasu firintocin HP OfficeJet suka daina karɓar katirij da ba na kamfanin ba, saboda tsarin da HP ke kira Dynamic Security, kuma har yanzu tsarin yana cikin samfuransa da yawa. Duk mai CISS ya shiga saiti ya kashe sabuntawa ta kai tsaye tun ranar farko. Kafin saye kuma a tabbatar cip ɗin ya dace da lambar samfurin da kuma yankin da aka sayar da firintar, domin firinta iri ɗaya tana da lambar katirij daban a Turai, daban a Asiya.

Sai abin da ba a gani. Duk tawadar da wanki ya zuƙe tana gangarawa cikin wani soso a gindin firinta. Firinta ba ta auna jiƙewarsa, ƙidaya kawai take yi, in ta kai iyaka ta tsaya ta ce wasu sassa sun gama wa'adinsu. Mai CISS yana isa nan da wuri, tunda yana bugu da yawa kuma ba ya jin ciwon wanki. Akwai manhajojin mayar da ƙidayar, amma mayar da ita ba tare da canza soso ba yana nufin wata rana baƙin ruwa zai biyo ƙasan firinta ya ɓata tebur. Ko a canza soson, ko a zaro bututun sharar ta baya a sa shi cikin kwalba. Sababbin samfura da dama sun mayar da soson akwati mai zarewa da mai firinta zai canza da kansa, kuma wannan abin dubawa ne wajen saye.

Garanti kuwa, a ɗauka ya tafi. Kamfani ba zai gyara lalacewar da tawadar waje ko huda ta jawo ba.

Tankin da kamfani ya gina da kansa

Yawan masu ɗaura wa firintocinsu tanki ne ya sa kamfanonin suka shigo kasuwar. Epson ta fitar da L100 da L200 a Indonesiya a 2010, ta kai tsarin Amurka da sunan EcoTank a 2015. A shekarar ce Canon ta fito da jerin PIXMA G, HP da Brother ma suka kawo nasu. Kwalbar Epson 103 ko 003 mililita 65 ce, kamfanin na cewa baƙar tana ba da shafi 4,500, launuka uku tare 7,500. Baƙar Canon GI-490 mililita 135 ce, shafi 6,000.

A gaskiya waɗannan sun ƙwace wa CISS na ɗaurawa mafi yawan hujjarsa. Tanki a jikin firinta yake, ba mai ɗaga shi bisa kuskure. Bututu an shimfiɗa shi tun daga masana'anta. Babu cip na katirij da za a yi faɗa da shi, garanti na nan, kuma a sababbin samfura bakin kowace kwalba ba ya shiga sai tankin launinta. Kuɗin sayensu ya fi na firintar katirij nesa, kuma ba su tsira daga toshewa da cikar soso ba, su ma suna son bugun mako-mako. Cikawar farko tana ɗaukar minti 10 zuwa 20 gwargwadon samfuri, tana kuma shan wani kaso na kwalaben farko don cika bututu, saboda haka zagayen farko ba ya kai adadin da aka rubuta.

Wanda zai sayi sabuwar firinta yau kuma yana bugu da yawa, mai tankin kamfani ta fi masa kwanciyar hankali, ko da zai ƙara kuɗi. CISS na ɗaurawa yana da ma'ana ne ga wanda ya riga ya mallaki lafiyayyar firinta mai kan fiyezo wadda garantinta ya ƙare, ko mai babbar firintar A3 ko ta hoto mai launi shida da canza ta zai yi tsada, kuma ba ya ƙyamar tawada a yatsa. A kan ƙaramar firinta mai kai a gindin katirij, ribar tana nan amma da wahala tafe, kuma cika katirij da sirinji lokaci-lokaci sau da yawa ya fi sauƙi. Mai buga rubutu baƙi jefi-jefi kuwa ya bar maganar tawada gaba ɗaya ya nemi firintar leza, garin tona ba ya bushewa ko ya yi wata shida a ajiye.

In an yanke shawarar saye, a ɗaga tankin a duba ko ɗaki biyu ne da gaske. A matsa bututun da yatsa: mai kyau yana da laushi kuma yana komawa yadda yake, mai tauri zai karye a wurin lanƙwasa bayan 'yan watanni. A ƙidaya filtoci da matosai, a tambaya ko ana samun cip shi kaɗai idan ya mutu. Ranar da za a ɗauki firintar zuwa wani wuri, a cire filtoci a toshe ƙananan ramuka, a matse bututu, a ɗaure tankin a gefenta da tef a tsayinsa na kullum, a ɗauke su tare ba tare da karkatawa ba.